Bashin Kugu

Shekara talatin da ɗaya a Panteka
ina duƙe kan yashi, ina narka gwangwani.
Tukwanen da na zuba sun ciyar da biki dubu,
ban taɓa yi wa mai ɗauke da ni sannu ba.
Ashe yana rubutawa, bai yafe ko ɗaya.

Wata Laraba ya zo karɓar bashinsa.
Ba buhu na ɗaga ba, ba tukunya mai lamba hamsin ba,
silifas na sunkuya zan ɗauka,
sai na ji an ɗaure min kugu da jar waya.

Tun ranar gadonmu ɗaya.
In na juya dama, ya riga ni can,
in na juya hagu, ya ce sannu da zuwa.
Har ladanin Rigasa ya gyara murya
idona biyu, ina ƙirga ramukan sili,
ba barci, sai sunan kwanciya.

Mai lasifika a gadar Kawo ya ce basir ne,
ya ba ni jarka guda, ɗaci kamar maɗaci.
Kwana uku ina sintirin bayan gida,
ni na rame, kugun bai san ana yi ba.
Na'inna wanzami ya kafa min ƙaho shida,
ya nuna baƙin jini, ya ce ga shi ya fita.
Na miƙe har la'asar.
Da magariba baƙona ya dawo, ya san hanya.

Ƙwayar kemis na sha har ta fara cin ciki.
Man zafi kuwa, Gambo ta shafa, ta shafa,
har ta ce filonmu ya daina warin mutum.
Ta faɗa da raha, amma na ga idonta,
ita ma ciwon ya kai mata zuciya.

A Barau Dikko, sashen gashin ƙashi,
wata Zuwaira, ba ta kai 'yata ta biyu ba,
ta ɗaga hoton bayana ga hasken taga,
ta danna nan, ta danna can, ta ce,
Baba, ba abin da ya karye,
gadon nan da ka rungume shi ke ƙara ɗaure ka.
Na zo neman allura,
ta sallame ni da takarda mai zanen ɗan mutum
da umarnin in tashi in yi tafiya.

Yanzu kullum bayan asuba ina kan tabarma,
gwiwa zuwa ƙirji, a riƙe, a saki,
sai gantsarwa da ƙudundunewa irin ta kyanwa.
Jikata Rumaisa ke ƙirga min goma.
In ta ga na cije leɓe
sai ta tsallake daga shida zuwa tara,
ta rufe baki tana dariya.

Na sa an ƙera min tebur, yashi ya hau ya same ni.
Kaskon wuta Bitrus ke ɗagawa, ni nuni nake.
In abu ya faɗi, gwiwa nake lanƙwasawa,
na koyi durƙuso da furfura.
Da yamma in taka daga layinmu zuwa tashar jirgi,
ran da ya ƙi, in tsaya wurin mai shayi,
gobe in ƙara taku goma kan na jiya.

Wata bakwai ina salla kan farar kujera
a gefen sahu, kaina ƙasa don kunya.
Juma'ar da ta wuce na ajiye ta a gida.
Da goshina ya taɓa darduma
na manta abin da na zo roƙa,
na daɗe a nan, ba komai a bakina sai godiya.

Ban ce ya tafi ba.
In hadari ya haɗu ta Kudenda, yakan leƙo,
in na daɗe kan benci, yakan taɓa ni da yatsa.
Sai in ce na gan ka, in miƙe, in ɗan zaga.
Bashin shekara talatin ba a biyansa rana guda.
Kamar zubin adashi nake ba shi,
sauran na bar wa Mai ba da lafiya.